Daga Ina Muryar Nan Take Fitowa? Tarihin Shirye-shiryen Kirista da Hausa a Rediyo

 Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Gafasa, cikin ƙaramar hukumar Ajingi, a ƙasar Gaya ta Jihar Kano. Mai wasiƙar manomi ne, da rani kuma yakan taɓa cinikin hatsi. Ya ce lokacin da yake yaro, in mahaifinsa yana murɗa akwatin rediyo da daddare yana neman Landan, wani sa'in sai su faɗa kan wata tasha ana waƙa da wa'azin Kirista da Hausa, wani sa'in kuma ana bayani a kan tsabta ko noma. Ya ce har gardama akan yi a dandali. Wasu su ce a Sabon Garin Kano ake yin abin, wasu su ce Turawa ne suka iya Hausa haka. Ana nan sai aka daina jin tashar ɗif. Shi ne yake tambaya: su wane ne waɗannan mutane, daga ina suke magana, yaya suke shirya abin, kuma me ya sa suka ɓace?

To Malam, mun gode, matambayi ba ya ɓata. Amsar a taƙaice ita ce, masu gardamar nan duka ba su faɗa daidai ba. Bakin da kuka ji na 'yan ƙasar nan ne, kuma galibi a Jos aka ɗauki maganar. Ƙarfen da ya jefo muku ita kuwa yana wata ƙasa, ko Laberiya ko Habasha. Kuɗin aikin da yawancin injiniyoyin farko daga Turai da Amurka suka zo. Wato aiki ɗaya ne aka raba wa mutanen da ba sa zaune wuri ɗaya, wasunsu ma ba su taɓa ganin juna ba. Wannan rabo shi ya ba abin ƙarfi, shi ne kuma ya kayar da shi daga baya. Bari mu ɗauko maka labarin daga tushe.

Abin da ya sa ba a kafa tashar a nan ba

A shekarar 1900 wata tawagar 'yan mishan na cocin Ingila, a ƙarƙashin Bishop Tugwell, ta iso birnin Kano. A cikinsu akwai wani likita, Walter Miller, wanda mutanen Zariya suka sani da Likita Mila. Sarkin Kano Alu ya ce su fita, suka fita, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Da Turawan mulki suka ci ƙasar a 1903, sai Lugga ya yi wa sarakuna alkawari ba za a taɓa addinin Musulunci ba. Saboda haka shekara da shekaru gwamnatin Turawa ita da kanta take hana 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna su yi wa'azi. Aka bar musu Sabon Gari da ƙasashen da ba na Musulmi ba.

Likita Mila ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aikinsu ya koma Wusasa a 1929. Shi da abokan aikinsa suka fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa, aka buga shi a 1932. Ka riƙe wannan shekara, don wannan littafi shi ya zama ma'ajiyar kalmomin da masu rediyo suka yi ta ɗiba daga baya.

Akwai kuma wata ƙungiya, Sudan Interior Mission, wadda aka fi sani da SIM. Samari uku suka fara ta a 1893. Biyu suka mutu a shekara ta gaba, ɗaya a Girku ɗaya a Bida, sai Rowland Bingham kaɗai ya rage ya ci gaba. Su ma ba ta ƙofar wa'azi suka shigo ƙasar Kano sosai ba, ta ƙofar magani suka shigo: aikin kutare a Yadakunya daga 1937, sa'an nan asibitin ido na Kano a 1943, wanda mutanen ƙauyukanmu suka daɗe da saninsa. Cibiyarsu kuwa tana Jos.

To ga rediyo ya zo. A 1944 aka kawo wa Kano rediyon waya, wato akwatin da ake jona wa waya daga gidan rediyo, ba ka da ikon sauya tasha. Wannan bai wuce birni da kewayensa ba, balle ya kai Gaya ko Gafasa. Duk gidajen rediyon da aka buɗe bayan haka, har da na Kaduna na 1962, na gwamnati ne. Akan ba Musulmi filinsu, a ba Kirista nasu ran Lahadi, amma babu wata ƙungiyar addini da za ta mallaki tasha. Ko da gwamnatin Janar Babangida ta kafa doka mai lamba 38 a 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe gidajen rediyo, dokar ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa lasisi. Ka ga ke nan wanda yake son tasharsa ta kansa, dole ya nemi ƙasar da za ta yarda, ya kafa ƙarfensa can, ya jefo maganar ta sama.

Yadda magana take tsallake ƙasashe

Za ka ce yaya murya za ta taso daga ƙasar da ba ka taɓa zuwa ba ta faɗo cikin zaurenka? Asirin yana ga gajeren zango, wato wurin da ake ganin mita 19 da 25 da 31 da 49 a fuskar akwatin rediyo. Can sama ƙwarai akwai wani ɓangaren sararin samaniya da yake mayar da irin wannan igiyar ƙasa, kamar yadda bango yake mayar da ƙwallo. In aka auna eriya daidai aka harba, sai igiyar ta bugi sama ta sauko a wuri mai nisan dubban kilomita. Yanayin wurin nan na sama yana sauyawa tsakanin dare da rana, shi ya sa tasha takan fito tangaran da daddare, da rana kuma ka neme ta ka rasa. Shi ya sa kuma murya takan yi sama ta yi ƙasa kamar ana kaɗa ta.

Da ƙaramin rediyo mai batir ya yawaita a shekarun 1960, lokacin da kuɗin gyaɗa yake shiga hannun manoman ƙasar Kano, sai ƙauye ya sami abin da a da sai birni. A kan wannan zango mahaifinka yake kama Landan, wadda ta fara Hausa a 1957. A nan kuma ya yi karo da maƙwabtanta.

Tasha ta farko: Laberiya

Wasu ɗalibai Amurkawa ne suka fara tunanin kafa rediyon Kirista a Afirka. Da ƙarfinsu ya kasa, sai suka haɗe da SIM. Shugaban Laberiya William Tubman ya ba su izini da fili a bakin teku, kusa da babban birnin ƙasar, Monrobiya. Ran 18 ga Janairu 1954 tashar ta fara magana, sunanta ELWA. Daga can zuwa Kano ya haura kilomita 2,000.

Nan da nan suka gane wani abu: injin yana Laberiya, amma masu harshen ba sa can. Ba za a kwashe malamai da mawaƙa na kowane harshe a kai su bakin teku a zaunar ba. Sai suka buɗe ɗakunan ɗaukar magana a inda masu harshen suke. A Nijeriya aka yi na Yarbanci a Igbaja, na Hausa kuma a Jos.

Tasha ta biyu: Habasha

Ta biyun ta ƙungiyar cocin Lutheran ta duniya ce. Sarkin Habasha Haile Selassie shi ya buɗe ta da kansa a Adis Ababa ran 26 ga Fabrairu 1963. Shugabanta na farko wani mutumin Norwe ne, Sigurd Aske. Sunanta da Turanci Radio Voice of the Gospel, da Hausa kuwa Muryar Bishara. Tana da manyan injuna biyu na gajeren zango, kowanne mai ƙarfin kilowat 100. Daga can zuwa Kano ya haura kilomita 3,000, agogonsu kuma yana gaban namu da awa biyu. In kana sauraro da ƙarfe 7 na dare, injiniyan da ya ɗora faifan yana ƙarfe 9 ne.

Tsarin wannan tasha tun farko shi ne kada a shirya komai na wa'azi a Adis Ababa in ana iya shirya shi a gida. Labarun duniya a can ake tattara su, amma sauran shirye-shirye daga ɗakunan ƙasashe suke zuwa: na Sawahili daga Moshi a Tanzaniya, na Fillanci daga Ngaundere a Kamaru mai suna Sawtu Linjiila, na Hausa kuma daga ɗakin Muryar Bishara a Jos, wanda cocin Lutheran na Numan da 'yan mishan na Denmak suke da babban hannu a ciki. Sun kuma yanke shawara cewa kashi 30 cikin 100 ne kaɗai zai zama na addini kai tsaye. Sauran kashi 70 labarai ne, da ilimi, da kiwon lafiya, da noma, da nishaɗi. To Malam, tun da ka ce kun ji ana bayanin tsabta da noma, wannan ya fi kama da halin Muryar Bishara. Ita ELWA ta fi ba da ƙarfi ga wa'azi da karatun Littafi da waƙoƙi.

Yadda ake haɗa shiri guda

Ka ɗauka shiri ne na minti 15 ko 30. Da farko malami ko fasto zai zauna ya rubuta abin da zai faɗa. Wasu su duba, su gyara Hausar, su cire abin da zai iya jawo rigima. Sa'an nan a shiga ɗakin da aka toshe bangonsa don kada kukan zakara ko ƙarar mota ta shiga. A ɗauki maganar a kan zaren tef mai naɗi, irin manyan nan da suka riga kaset. In mai magana ya yi tuntuɓen harshe, sai a nemo wurin a zaren, a yanke da reza, a liƙe. A sa waƙa a farko da ƙarshe. A auna lokaci daidai, don in shirin ya wuce da minti guda zai ci lokacin wani harshe da yake biye. Daga nan a rubuta ranar da za a sa shi a jikin kwalin, a ɗaure, a ba jirgin sama.

Ka ga wahalar da ke ciki. Tun da sai faifan ya yi tafiya, dole a shirya shi makonni kafin ranarsa. Mai magana ba zai iya cewa jiya an yi ruwa ba, don bai san ko za a yi ba. Waƙar Kirsimeti tun kaka ake ɗaukarta. Shawarar shuka kuwa tun ana cikin zafin bazara, kafin hadari ya haɗu. In faifai ya makara a hanya, sai injiniyan can, wanda sau da yawa ba ya jin ko sannu da Hausa, ya ɗauko tsoho ya maimaita. Shi lamba da agogo yake bi. Ba shi da hanyar sanin ko abin da ya ɗora ya dace da ranar.

Su kuma na Jos ba su san yadda muryar take sauka a ƙauye ba sai an gaya musu. Nan ne wasiƙa ta zama igiyar da ta ɗaure aikin duka. A ƙarshen shiri akan faɗi lambar akwatin gidan waya na cikin Nijeriya, don kada mai sauraro ya sayi kan sarkin ƙasar waje. Wasiƙun su suke nuna garuruwan da ake ji, da mitar da ta fi fita, da irin tambayoyin da ke damun mutane. Da su ake aika darussa ta gidan waya ga wanda ya nema. Da lissafinsu kuma ake zuwa wa masu ba da kuɗi a Turai da Amurka a ce ga shaida ana sauraro. Kai da ka rubuto mana yau, irin wannan igiyar ka ja.

Gardamar cikin gida

Kada ka zaci bakinsu ɗaya a kan komai. Akwai maganar wace Hausa za a yi. Da yawa daga masu maganar ba Hausawa ne na haihuwa ba. Mutanen Filato ne, da na Adamawa, da na ƙasar Tangale, da na kudancin Zariya, waɗanda Hausa ta zama musu harshen coci da na kasuwa. Bakano yana ji zai gane, don lafazin ya ɗan bambanta da nasa. Akwai kuma Hausawa Kirista, irin na Wusasa, da waɗanda suka fito daga cikin Maguzawan ƙasar Kano da Katsina, waɗanda Hausarsu ba ta da maraba da taka. Wataƙila irinsu ne suka sa mutanen dandalinku suka rantse a Kano ake yi.

Akwai maganar kalmomi. Littafin 1932 da gyararrensa da ya fito wajen 1980 duk sun yi amfani da sunan Allah, da kalmomi kamar annabi da mala'ika da zunubi, waɗanda Musulmi ya sani. Amma sun ce Yesu a inda Musulmi yake cewa Annabi Isa, alaihissalam. Wanne za a faɗa a rediyo, inda ba ka san wa yake ji ba? An daɗe ana jan wannan magana.

Sa'an nan ga kiɗa. 'Yan mishan na farko waƙoƙin ƙasarsu suka juya zuwa Hausa, da karin Turawa, wanda sau da yawa yakan karya hawa da saukar muryar kalmar Hausa. Da yawansu kuma ba sa son ganga a coci. Sannu a hankali 'yan ƙasa suka rinjaya, musamman ƙungiyoyin zumuntar mata da suke waƙa da tulu da caki. Baturen da ke nesa yana da injin, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ranar da ƙarfen ya faɗi

Yanzu ga amsar tambayarka ta ƙarshe. A watan Satumba 1974 sojoji suka tumɓuke Haile Selassie. Gwamnatinsu ta juya ga gurguzu. Ran 12 ga Maris 1977 suka ƙwace tashar, suka mai da ita muryar juyin juya halinsu. A Jos ba a yi harbi ba, ba a kama kowa ba. Ga malamai, ga mawaƙa, ga faifai a ɗaure, amma babu inda za a aika. Mai sauraro a ƙasar Gaya ya murɗa ya murɗa, bai ji komai ba, kuma babu wanda ya zo ya gaya masa dalili.

ELWA ta ƙara shekara 13. Yaƙin basasar Laberiya ya tashi a ƙarshen Disamba 1989, ya iso bakin Monrobiya a tsakiyar 1990. Mayaƙan Charles Taylor suka shiga harabar tashar, ma'aikata suka gudu, aka lalata kayan aiki. An farfaɗo da ita, yaƙi ya sake cinye ta a 1996, gobara kuma ta kama ɗakunanta a 2011. Ta sake tashi, amma ba ta koma irin ƙarfin da take da shi na jefa Hausa har arewacin Nijeriya kamar da ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ƙasar aro ma haka take.

Abin da ya rage shi ne abin da ke hannun 'yan ƙasa. Tun 1976 SIM ta miƙa ayyukanta na Nijeriya ga cocin ECWA. Ɗakunan Jos da na Ngaundere suka koma yin kaset, da sayen lokaci a gidajen rediyon gwamnati inda aka yarda, da neman wasu tashoshin waje. A 2008 wata ƙungiya mai suna Trans World Radio ta kafa babban injin matsakaicin zango kusa da Paraku a Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, Hausa kuma tana cikin harsunan da ta sa. Ka lura, nan ma a wajen iyakar Nijeriya aka kafa. Yau kuwa ba a jiran jirgi. Ana ɗaukar magana a Jos da safe, ta isa wurin injiniya a wata ƙasa ta intanet kafin azahar, ko a zuba ta a katin waya a ba mutum a hannu. Hanyar ta gajarce, amma rabon aikin yana nan yadda yake.

Abin da za mu ɗauka

Shin abin ya sauya ƙasar Gaya? Kai shaida ne, jama'arta Musulmi ne kafin tashoshin nan, Musulmi ne bayansu. A shekarun nan ma rediyon Kaduna yana sa tafsirin Shaihu Abubakar Gumi, kuma shi ya fi cika zaurukan ƙasar Kano. Waɗanda shirye-shiryen suka fi yi wa amfani su ne Kiristocin ƙauye da ba su da fasto kusa, da ma'aikaci ko ɗan kasuwa baƙo da ke zaune nesa da cocinsa. Sauran jama'a kuwa wani ya tsaya don labarai, wani don maganar lafiya, wani ya murɗa ya wuce. Mun san maganar addini ba abin wasa ba ce a Kano. Waɗanda suka ga Oktoba 1991, lokacin da aka yi tarzoma a kan zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke, ba su manta rayukan da aka rasa ba. Rediyo dai maɓallinsa yana hannunka, kuma maƙwabcinka Kirista da kuke cin kasuwar Wudil tare ba shi ya kafa ƙarfe a Habasha ba.

Shawararmu gare ka, da duk mai karanta wannan shafi, ita ce tambayar da ka yi kada ka tsayar da ita a kan wannan tasha kaɗai. Duk muryar da ta shigo maka gida da Hausa mai daɗi, ta Landan ce ko ta Jamus, ta wa'azi ce ko ta siyasa, ko saƙon murya ne da aka turo maka a waya, ka tambayi bakin wane ne, injin wane ne, kuma wa ya biya. In ka san wannan, sai ka saurara da hankalinka, ka ɗauki abin da zai amfane ka a gona da kasuwa da gida, ka bar saura.

Da fatan mai tambayarmu na Gafasa ya gamsu. A gaishe mana da dattawan dandali, a kuma gaya musu gardama ta ƙare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.